Ina son sa taya mai faɗi a kekena: wane rim zan saya, kuma wane girman wili?

Ɗan Hanyar Burji:

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana harkar keke. Kekena ɗan Kwatano ne, firam ɗin alminiyam, giya uku a gaba bakwai a baya, birkin V gaba da baya. A gefen tayar an rubuta 37-622, kusa da shi kuma 700x35C. A jikin rim akwai 'yar sitika da ta ce 622x17. Hanyar da nake bi burji ce mai gargada, wasu wuraren yashi ne da tayar gaba ke nutsewa sai an sauka an tura. Nauyina kilo 80 ne, kuma ina ɗora kaya kusan kilo 25 a kariya.

Ina son taya mai faɗin inci biyu ko fiye. A kasuwa kowa da abin da ya ce mini: wani ya ce in sayi wili 29, wani ya ce 27.5 ne ake yayi, wani kuma ya ce in ɗauko wili 28 na keken Phoenix tunda an san shi da ɗaukar kaya. Shin rim ɗina zai iya riƙe tayar inci biyu? In ba zai iya ba, wane faɗi zan nema? Allah Ya saka da alheri.

Mai Ɗaurin Wili:

Wa alaikumus salam. Malam, tukuna ka ajiye maganar inci a gefe, ita ce ke jawo wa mutane asara. Lambar da za ka riƙe ita ce wadda ka riga ka karanta, 37-622. Ta farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu kuma girman da'irar da leɓen taya yake zama a cikin rim. Wannan ta biyun dole ta zo daidai da ta rim, ba ragi ba ƙari. Taya mai 622 ba ta hawa rim mai 635, ta 635 kuma a kan rim mai 622 lilo za ta yi, da ka sa iska tub ya leƙo ya fashe.

Ga waɗanda ake samu a hannun masu sayar da kayan keke:

559: shi ne 26 na keken hawan dutse
584: shi ne 27.5, ana kuma rubuta 650B
590: shi ne 26 x 1 3/8 na tsofaffin kekunan gari
622: shi ne 700C, shi ne 29, kuma kamfanonin Jamus suna rubuta masa 28
630: shi ne 27 x 1 1/4 na tsofaffin kekunan tsere
635: shi ne 28 x 1 1/2 na Phoenix da Raleigh irin na da

Ka ga ke nan wili 29 da aka ce ka saya, girmansa ɗaya da wanda ke jikin kekenka yanzu. Bambancin kawai shi ne ana kiransa 29 idan rim ɗin mai faɗi ne kuma an sa masa tayar inci biyu zuwa sama. Saboda haka tambayarka ta gaskiya ba ta girman wili ba ce, ta wurin da firam ɗinka ya bari ce.

Wilin Phoenix kuwa ka manta da shi. Ya fi naka tsawo da milimita 6.5 daga tsakiya zuwa baki, rim ɗinsa an yi shi ne don birkin sanda mai kamawa ta ciki, ba shi da shafaffen bangon da robar birkin V za ta matsa. Hob ɗinsa na baya, wato cibiyar wilin da sifok ke fitowa daga ita, na giya ɗaya ne. Bayan duk wannan wahala, tayarsa 40-635 ce, milimita uku kacal ta fi taka.

Yanzu ga awon da za ka yi kafin ka ba kowa kuɗi. Ka kife keken, ka bar wilin a ɗaure. Daga tsakiyar aksul zuwa inda leɓen taya yake zama milimita 311 ne, wato rabin 622. Taya mai faɗin 45 ta fi kumbura a wajen milimita 333 daga aksul, samanta kuma yana kaiwa kusan 356. To ka auna 333 daga tsakiyar aksul a kan ƙarafa biyun da suka taso daga gidan feda zuwa wilin baya, ka yi alama da alli, ka cire wilin, ka auna tazarar da ke tsakanin ƙarafan a daidai alamar. Ka yi haka a ƙarafa biyun da suka sauko daga ƙarƙashin sirdi, ka yi a fok. Sannan ka auna daga aksul zuwa gadar da ke haɗa ƙarafan, da zuwa ƙarƙashin kan fok. Wurin da ya fi matsewa shi ke yanke hukunci, kuma yawanci ƙarafan gidan feda ne. Abin da ka samu, ka cire 12 daga ciki, wato shida kowane gefe. Abin da ya rage shi ne iyakar faɗin tayarka.

Shidan nan ba ƙauro ba ne. Wili yana lanƙwasa kaɗan idan ka miƙe kana taka feda da kaya a baya, sifok ɗaya in ya tsinke wilin zai karkace da milimita uku ko huɗu, ga taɓon damina mai tsakuwa da ke manne wa taya. Idan ba wuri, taya za ta riƙa gugar firam, kuma alminiyam ba ya jure guga: cikin 'yan watanni sai ka ga kwari ya fito a jikin ƙarfen, daga nan sai tsagewa. Bayan an sa sabuwar taya, ka zura alanki mai lamba 6, wato makullin nan mai kusurwa shida mai kaurin milimita 6, tsakaninta da firam ta kowane gefe. In ya wuce ba tare da ya cije ba, shi ke nan.

Baban Gareji:

Bayanin Malam Mai Ɗaurin Wili ya yi. Bari in ɗora a kan maganar faɗin rim, domin nan ne tambayar farko take.

Lambar 17 da ke sitikarka faɗin ciki ne, tsakanin ƙugiyoyi biyun da suke riƙe leɓen taya. Ba faɗin waje ba. Masu shago da yawa suna ɗora ma'auni a waje su ce maka rim 23 ne, alhali cikinsa 17. Rim ɗin alminiyam na birkin roba, wajensa yakan fi cikinsa da milimita biyar zuwa shida. In babu sitika, ka cire taya ka auna ciki da kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu na masu juya ƙarfe.

Tsohuwar ƙa'ida ita ce faɗin taya ya kasance tsakanin ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na cikin rim. Jadawalin ETRTO, ƙungiyar Turai mai tsara ma'aunin taya da rim, ya fi haka sassauci, kuma a shekarun 1990 an yi ta hawan dutse da tayar inci biyu a kan rim 17. Wato za ta hau, ba za ta fice ba. Amma hawa daban, aiki mai kyau daban. Ga abin da nake ba da shawara a kai ga wanda zai rage iska saboda yashi:

ciki 17: taya 28 zuwa 40
ciki 19: taya 32 zuwa 45
ciki 21: taya 35 zuwa 50
ciki 23 zuwa 25: taya 42 zuwa 57
ciki 30: taya inci 2.3 zuwa 2.6
ciki 35 zuwa 40: taya inci 2.6 zuwa 3.0

Dalilin shi ne siffar da taya take ɗauka. Taya 50, wato ta inci biyu, a kan rim 17 tana zama kamar ƙwan fitila, ƙasa tsuke, sama buɗe. Gindinta ba shi da faɗin da zai tallafi gefenta, don haka in ka rage iska ka shiga kwana, sai ta kwanta gefe ɗaya, ka ji bayan keken yana lilo kamar wilin ya kwance. Da kaya a kariya abin ya fi muni. Maganin lilon shi ne ƙara iska, ƙara iska kuma shi ke kashe amfanin da ka sayi tayar dominsa, tunda taya mai tauri nutsewa take a yashi komai faɗinta. Akwai haɗari na biyu da ba a cika faɗa ba. A iska iri ɗaya, taya mai faɗi tana ture bangon rim da ƙarfi fiye da siririya. Rim ɗin keken Kwatano kuma robar birki ta riga ta ci bangonsa shekara da shekaru. Ka ɗora gefen rula a kan bangon: in ka ga haske ta tsakiya, ya rame. Wasu rim suna da siririn layi ko ɗan rami a bango, in ya shafe lokacin canji ya yi. Kauri in ya sauka ƙasa da milimita ɗaya, taya 50 mai iska psi 60 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya da geji ke nunawa) za ta iya yage shi, ya buɗe ya kama birki kana cikin tafiya.

Kada kuma a ce to a sayi mafi faɗi kawai. Taya 40 a kan rim 30 tana bajewa, samanta ya zama shafaffe, gefenta mai laushi ya fito waje inda dutse zai yanke shi. Haƙoran gefe da aka yi don kwana sai su riƙa taɓa ƙasa kana tafiya a miƙe, keken ya yi nauyin taka, in ka kwanta a kwana kuma babu sauran haƙorin da zai kama. Bakin rim ma yana kusantar duwatsu, rami ɗaya ya lotsa shi.

Abu na ƙarshe, wanda ya shafi awon firam: faɗin da aka rubuta a taya ba lallai shi za ka samu ba. Duk milimita ɗaya da ka ƙara a cikin rim, taya tana ƙara kusan milimita 0.4. Tayar da ta auna 42 a kan rim 17 za ta kusa 44 a kan rim 21. Sabuwar taya kuma tana ƙara buɗewa kaɗan bayan kwana ɗaya ko biyu da iska a ciki. A auna ta bayan ta kwana, kada a auna ta a bakin shago.

Ɗan Hanyar Burji:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara basira. Na auna kamar yadda aka ce. Tsakanin ƙarafan gidan feda 56, na ƙarƙashin sirdi 62, fok 60. Daga aksul zuwa gadar baya 366. Tazarar da wilin baya yake shiga 135, ramukan sifok 36 gaba da baya. Bangon rim na baya ya rame sosai, na gaba da sauƙi. Ashe inci biyu ba zai shiga ba ke nan. To idan na koma 27.5, ba zan sami ƙarin wuri ba?

Mai Ɗaurin Wili:

Lissafinka daidai ne, 56 a cire 12 saura 44. Tayarka ita ce 42-622, wadda ake rubuta wa 700x40C ko 28x1.60. Akwai 47-622, wato 28x1.75, wasu kamfanoni tasu takan auna 44 ko 45 a zahiri, amma sai ka gwada ka zura alanki kafin ka biya. Ana iya sa 47 a gaba inda kake da 60, in an canza rim ɗin gaba ma zuwa mai ciki 21, a sa 42 a baya. Tunda tayar gaba ce ke nutse maka a yashi, wannan haɗin yana da ma'ana.

Dabarar 27.5 gaskiya ce, amma ba a kekenka ba. Abin da ya sa ake yin ta: 584 da taya 47 sama da ƙasa ya ba da 678, daidai da 622 da taya 28. Tsawon wili bai canza ba, taya ta yi kauri, kuma kumburinta ya matso kusa da aksul inda ƙarafan suka fi buɗewa. Sai dai bangon birki yana sauka da milimita 19. Mai birkin faifai ba ruwansa, faifan yana jikin hob. Birkin V kuwa ramin da robarsa ke zamewa a ciki ba shi da 19 na sauka, robar za ta tsaya a kan taya ne, ba a kan rim ba. Ko da an yi wata dabara, wilinka na yanzu 696 ne, komawa 678 zai saukar da feda da milimita 9, ta riƙa dukan ƙasa a kwazazzabo.

Don haka ka tsaya a 622. Rim na baya tunda ya rame, ka nemi mai ciki 21, ko 19 in shi ya samu, mai bango biyu, ramuka 36, mai shafaffen bangon birki. Ka lura da wannan na ƙarshe, domin yawancin rim ɗin da ake sayarwa da sunan 29 na birkin faifai ne, gefensu a zagaye yake da fenti, robar birki ba ta kama shi. In ka sami mai zoben ƙarfe a bakin kowane rami ya fi, yana hana rim tsagewa a gindin sifok saboda nauyin kaya.

Wajen ɗauri: hob ɗinka in boris ɗinsa lafiya, a bar shi. Tsawon sifok ya dogara ne da zurfin rim, don haka sabon rim mai zurfi daban yana son sifok daban. In bambancin bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a manna sabon rim a gefen tsohon da salatif, ramin bawul a saitin ramin bawul, a sassauta duk sifok, sannan a riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon. In ya wuce haka a sayi sababbi. Gajeren sifok zarensa ba ya cika kan noti, sai kan notin ya ɓalle. Dogo kuma zare yana ƙarewa kafin ya ɗaure. Don kilo 105 na mutum da kaya, sifok mai kaurin milimita 2.0 na ƙarfen da ba ya tsatsa ya wadatar, a yi saƙar da kowane sifok ke ƙetare uku. Akwai mai 2.3, amma sai ramin hob ya karɓe shi. Abin da ke tsinka sifok ba sirantaka ba ce, sakwarkwacewa ce: wanda bai ɗauru ba yana motsi a gwiwarsa duk juyi har ya gaji ya karye. A wilin baya ɓangaren giya ya fi ɗaya ɓangaren tauri, haka aka tsara shi don rim ya zauna a tsakiyar firam. Kada mai gyara ya daidaita taurin ɓangarorin biyu, wilin zai koma gefe ya cinye shidan da muka ware.

Rim mai faɗi zai sa hannayen birkin V su buɗe waje. A jikin kowace robar birki akwai wosha mai kauri da siririya. A sauya musu wuri, siririyar ta koma ciki, hannayen za su dawo tsaye. Sannan ka sa giyar gaba a ƙaramin faranti, ta baya a babba, ka duba ko sarƙa ko wutsiyar abin canza giya na gaba yana taɓa taya.

Mai Faci na Bakin Tasha:

Sallama ga jama'a. Ban ƙi abin da manya suka faɗa ba, amma ni ina ganin a lissafa kuɗin tukuna. Rim, sifok, ladan ɗauri, taya biyu, tub biyu, duk don a tashi daga 37 zuwa 42. Iskar da ke cikin taya za ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari. A gargada zai ji sauƙi sosai, a yashi mai zurfi kuwa zai ci gaba da sauka yana turawa.

In yashin ne babbar damuwa, keken hawan dutse mai wili 26 shi ne amsa. Yawancinsu suna ɗaukar 54-559 ko 57-559, wato inci 2.1 zuwa 2.25, iskar da ke cikin 57 kuma ta ninka ta tayarsa ta yanzu fiye da sau biyu. Tsawon wilin 673 ne, sifok gajeru ne, wilin ya fi jure kaya. Taya da tub na 26 kuma su ne ba ka rasawa ko a kasuwar ƙauye, ba kamar 584 ba da sai an aika birni. Gaskiya ne wili babba ya fi haye rami da tushen itace cikin sauƙi, amma a yashi faɗi da ƙarancin iska ne ke aiki, ba tsawo ba. A duba dai firam ɗin yana da ramukan ɗaura kariya, a kuma nemi rim mai ciki 21 zuwa 25.

Keken nan mai ƙatuwar taya inci huɗu, rim ɗinsa 65 zuwa 100 ne, iskarsa ba ta wuce 5 zuwa 15, firam da hob ɗinsa nasa ne na musamman. Yana tafiya a kan rairayi, amma a burji da kwalta nauyi ne kawai, kuma ranar da tayar ta yage za a sha nema.

Baban Gareji:

Maganar Mai Faci abin dubawa ce. In yashin ya kai kashi ɗaya cikin uku na hanyar, ni ma 26 zan ce. In 'yan wurare ne, 47 a gaba da 42 a baya sun isa, kuma rim na baya dole ne a canza shi ko da ba a canza taya ba.

Ko wanne aka zaɓa, ga ƙananan abubuwan da ke ɓata aiki. Rim mai bango biyu yana da ramuka masu kaifi a ciki. Kada a naɗa masa yankakken tsohon tub kamar yadda ake yi wa rim mai bango ɗaya, iska tana tura robar cikin ramin, tub ya bi ta ya fashe ta ciki. A sa tef na yadi ko na roba mai tauri wanda ya rufe daga bango zuwa bango, wajen milimita 21 zuwa 23 ga rim 21. Ramin bawul iri biyu ne: 6.5 na siririn bawul Presta, 8.5 na irin na mota. Irin na mota ya fi dacewa da mu tunda kowane famfo yana kama shi. Tub kuma a karanta kwalinsa, a ga an rubuta iyaka kamar 28/47-622. Tsohon tub siriri in aka cusa shi a taya mai faɗi yana miƙewa ya yi laushi, tsidau ɗaya ya ishe shi.

Iska, da geji: a taya 42 zuwa 47 da nauyinka da kayanka, fara da 38 a gaba, 50 a baya. In ba kaya, baya ya sauko 42 zuwa 45. Hanya mai yashi, rage biyar a kowacce. A taya 57-559 kuwa 25 a gaba da 35 a baya sun isa. Alamar ka rage da yawa ita ce ka ji rim ya daki dutse, ko ka ga huda biyu a jere a jikin tub, wato rim ya cije shi. In haka ta faru ka ƙara uku zuwa biyar. Kada a bar yaro ya sa iska da injin masu facin mota yana latsa taya da yatsa, kuma kada a wuce iyakar da aka rubuta a gefen taya ko a jikin rim, wadda ta fi ƙanƙanta ita ake bi.

Bayan ɗauri da mako biyu a mayar da wilin a sake duba sifok, domin sababbi suna zaunawa su saki kaɗan. A ranar ne kuma za a sake zura alanki mai lamba 6 ta gefe biyu na ƙarafan gidan feda.